Tsofaffin Bindigogin Soja Masu Sakata Da Yadda Ake Gane Su

A ɗakin mahaifina akwai wani tsohon hoto da ke rataye a bango tun ina yaro. Kakana ne a cikinsa, yana tsaye da kayan soja da malafa, ya dafa bindiga a gefensa na dama. Yana cikin samarin da Turawan Ingila suka ɗauka daga ƙasar nan suka kai su yaƙi ƙasar Boma, wadda yanzu ake kira Miyanma, a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk baƙon da ya shigo ya ɗaga kai sai ya ce, “Kai, ga Baba da Mak Fo ɗinsa!” Haka muka ji, haka kuma muka riƙa faɗa.

Sai da na yi shekaru ina koyar da Tarihi, ran nan na sauko da hoton na share masa ƙura, na gwada shi da hotunan da ke cikin littattafai. Ashe bindigar nan ba Mak Fo ba ce, yayarta ce, wadda ta girme ta da shekara fiye da 30. Lokacin kuwa tsohon ya riga ya rasu. Abin ya yi mini zafi, gama da na san abin da zan duba tun yana da rai, da na tambaye shi inda aka ba shi ita, da wanda ya koya masa harbi, da inda ya mayar da ita da aka gama yaƙi.

Abin da nake so in nuna muku shi ne, tsohuwar bindigar soja kamar takarda ce da aka rubuta a kan ƙarfe. Maƙeranta sun buga mata sunan masana'anta, da shekara, da hatimin sarkin da aka ƙera wa ita. Wanda ya iya wannan karatu ba ya dogara ga “an ce, ka ce”. A Turai da Amurka akwai mutanen da ke tara irin waɗannan bindigogi, kamar yadda waɗansu ke tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi. Mu a nan doka ba ta yarda mana da haka ba, zan kuwa zo kan wannan magana a gaba. Amma ilmin da masu tarawan suka samu zai taimake mu mu fahimci abin da kakanninmu suka riƙa da hannunsu.

Mece ce bindiga mai sakata?

Kowa ya san sakatar ƙofa. Ƙarfe ne dogo mai ɗan hannu. Ka ɗaga hannun ka ja, ƙofa ta buɗe, ka tura ka kwantar da shi, ƙofa ta kulle. To, haka bayan wannan bindiga yake. Soja ya ɗaga hannun sakata ya ja baya, sai kwanson harsashin da aka harba ya fita ya faɗi ƙasa. Ya tura gaba, sai sakatar ta kwaso sabon harsashi daga gidan harsashi ta cusa shi cikin bututu. Ya kwantar da hannun ta kulle, sa'an nan ya ja kunama. Kowane harbi sai an yi haka. A nan ta bambanta da bindigar toka ta maharbanmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ta kuma bambanta da bindigogin zamani masu sarrafa kansu.

Wani Bajamushe mai suna Dreyse shi ya ƙera ta farko da wata rundunar soja ta karɓa, watau rundunar Furusiya, wani yanki na Jamus, a 1841. A 1871 waɗansu 'yan'uwa biyu, Paul da Wilhelm Mauser, suka fito da tasu wadda ta fi ta Dreyse inganci. Amma dukansu harsashi ɗaya ɗaya ake sa musu, albarushinsu kuma baƙi ne mai tunnuƙa hayaƙi, har soja ya kasa ganin abin da ke gabansa. A 1884 wani masanin Faransa, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a 1886 kuma Faransa ta fito da bindigar Lebel mai aiki da shi. Sabon albarushin ya fi ƙarfi, saboda haka aka rage girman harsashi, ya kuma ƙara nisan tafiya. Nan take sauran ƙasashe suka ga an bar su a baya, kowacce ta shiga neman tata. Irin da suka fi shahara duk sun fito ne a tsakanin 1891 da 1905, su ne kuma suka yi yaƙin duniya biyu kafin a fara ajiye su.

Manyan dangogi da inda suka gamu da mutanenmu

Ta farko a wurinmu ita ce Lee-Enfield ta Ingila, wadda ta fito a 1895. Lee sunan mutumin da ya tsara sakatar da gidan harsashin ne, James Paris Lee, Enfield kuwa garin da masana'antar gwamnati take, kusa da Landan. Tana cin harsashi 10, alhali yawancin takwarorinta 5 suke ci. Faɗin harsashinta inci .303 ne. Hannun sakatarta yana dab da kunama, ba ya kuma bukatar a juya shi da yawa, shi ya sa take da sauri. Kafin 1914 ana horar da sojan Ingila ya yi harbi 15 a minti ɗaya yana samun abin da ya auna. An ƙiyasta cewa an ƙera wajen miliyan 17. Ita ce sojojin Najeriya da 'yan sanda suka riƙe shekaru da yawa a ƙarƙashin mulkin Ingila, har lokacin Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ana ganinta a hannun mayaƙa.

Ta biyu Mauser ce ta Jamus, ƙirar 1898, mai cin harsashi 5 na milimita 7.92. Sakatarta ta yi suna wajen ƙarfi, har Amurka ta kwaikwaye ta a bindigarta Springfield ta 1903, ta kuma biya kamfanin Mauser kuɗi saboda haka. A 1935 aka gajarta ta aka kira ta K98k, wadda sojan Hitila suka riƙe. Sojojinmu sun fara ɗanɗana wutar Mauser a Kamaru, sa'ad da ƙasar take hannun Jamus. Garwa ta faɗi a watan Yuni na 1915, amma Jamusawan da suka hau dutsen Mora ba su miƙa wuya ba sai a watan Fabrairu na 1916.

Ta uku Carcano ce ta Italiya, ƙirar 1891, mai cin harsashi 6 na milimita 6.5. Da ita sojojin Najeriya suka gamu a 1941, sa'ad da suka bi Italiyawa daga Mogadishu har Harar a ƙasar Habasha.

Ta huɗu Arisaka ce ta Japan, ita ce ta harbi su kakana a dazuzzukan Boma, inda Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a 1944 da 1945. Wanda ya san barikin Kalapanzin a Kaduna, ko Chindit a Zariya, ko Myohaung da Arakan a Legas, to, sunayen nan duka daga wannan yaƙi suka fito.

Akwai kuma Mosin-Nagant ta Rasha, ƙirar 1891, wadda aka ƙiyasta an ƙera wajen miliyan 37. Maƙwabtanmu na Nijar da Cadi da suka yi wa Faransa soja kuwa, Lebel da Berthier suka sani, daga baya MAS 36.

A fara da siffa

Mai son gane bindiga ba ya fara da rubutu, da siffa yake farawa, gama ita ake gani daga nesa, ita ce kuma ake gani a hoto. Bari mu ɗauki 'yan'uwan nan uku na gidan Lee-Enfield, tun da su suka fi shafarmu.

Babbarsu ita ce SMLE. Ƙirarta da ta fi yawa, Mk III, ta fito a 1907, a 1926 kuma aka sake mata suna ta zama No. 1 Mk III. Alamarta a baki take. Katako ya rufe bututun har ƙarshe, an kuma sa masa murfin ƙarfe, sai bakin ya zama dunƙule kamar hancin da aka datse. Abin saitinta na baya yana kan bututu, wajen tsakiyar bindigar. Banatinta dogo ne kamar takobi, tsawon kaifinsa inci 17.

Ta tsakiya ita ce No. 4, wadda aka karɓa a 1941. A wannan, bututun ya leƙo waje ya wuce katako da ɗan tsawo. Abin saitin baya ya koma can kusa da idon mai harbi, ƙaramin rami ne da ake leƙawa ta ciki. Banatinta na yaƙi gajere ne kamar babbar ƙusa. Galibi ita ake nufi da Mak Fo. Ku lura da kuskuren da ke cikin sunan: huɗun nan lambar bindigar ce, ba lambar gyaran ƙirarta ba. Cikakken sunan ta farko No. 4 Mk I ne. Mutanenmu suka haɗa kalmomin biyu suka ce Mak Fo, daga nan sunan ya bi duk wata bindiga mai sakata da aka gani a hannun ɗan sanda.

Autarsu ita ce No. 5, wadda aka ƙera daga 1944 zuwa 1947 domin yaƙin daji. Gajera ce, marar nauyi, bakinta ya buɗe kamar mazurari domin ya rage hasken wuta, an kuma sa roba a ƙarshen ƙotarta.

Da na duba hoton kakana, bakin bindigar dunƙule yake, abin saiti kuma yana tsakiya. SMLE ce ba shakka. Wannan ya dace da tarihi, gama masana'antar Ishapore ta Indiya da ta Lithgow ta Ostareliya ba su koma ƙera No. 4 ba, SMLE suka ci gaba da ƙerawa har yaƙin ya ƙare, sojojin da suka shiga Boma kuwa ta Indiya suka bi.

Sauran dangogin ma siffa tana tona su. Gidan harsashin Lee-Enfield akwati ne da ya fito sarai a gaban kunama. Na Mauser da na Arisaka a ɓoye suke cikin katako, cikin bindigar a shafe yake. Na Mosin-Nagant da na Carcano sun fito, amma siriri, a haɗe da ƙarfen da ya kewaye kunama. Arisaka kuma tana da wani faffaɗan maɓalli mai zane a bayan sakata, wanda ake dannawa da tafin hannu a juya don a kulle ta.

Karatun hatimi

Bayan siffa sai rubutu. A SMLE, wurin da za a duba shi ne zoben ƙarfen da ya haɗa ƙota da jikin bindiga, a gefen dama, ƙarƙashin hannun sakata. A waɗanda aka ƙera a Ingila za a ga kambin sarauta a sama, a ƙarƙashinsa haruffan sunan mai sarauta, sa'an nan masana'anta, da shekara, da sunan ƙirar. ER na nufin Sarki Edward na 7, wanda ya yi sarauta daga 1901 zuwa 1910. GR na nufin Sarki George, amma tun da an yi George na 5 daga 1910 zuwa 1936, da George na 6 daga 1936 zuwa 1952, shekarar ce za ta raba gardama. GRI kuwa ƙirar Indiya ce ta zamanin mulkin Ingila. A tsofaffin Lee-Enfield dogaye na kafin SMLE ana samun VR, watau Sarauniya Victoria.

In an ga ɗan tauraro a bayan Mk III, to, yana da labari. A tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko bukatar bindigogi ta yi yawa, sai aka cire waɗansu sassa da ba dole ba ne, kamar abin saitin harbin nesa ƙwarai, domin aiki ya yi sauri. Tauraron shaida ne cewa bindigar tana cikin waɗanda aka sauƙaƙa.

A No. 4 rubutun yana gefen hagu. ROF da F na nufin masana'antar Fazakerley kusa da Libaful. M47C na nufin kamfanin BSA. Ta Kanada an rubuta mata Long Branch. Wadda kamfanin Savage ya ƙera a Amurka tana ɗauke da kalmomin U.S. PROPERTY, watau mallakar Amurka, domin bisa yarjejeniyar aro aka ba Ingila ita. Akwai kuma wata alama mai kama da kan kibiya ko sawun kaza, wadda ake bugawa a kan duk kayan gwamnatin Ingila. Waɗansunmu sun taɓa ganinta a tsofaffin akwatunan soja.

Jamusawa su dabara suka yi. Domin kada abokan gaba su san inda ake ƙera makamansu da yawansu, sai suka daina rubuta sunan masana'anta suka koma haruffan asiri. A K98k ta zamanin yaƙi, byf na nufin masana'antar Mauser da ke Oberndorf, bnz na nufin Steyr ta Ostiriya, dot kuwa Brno ta Cekosulobakiya, wadda Jamus ta mamaye. Lambobi biyu na ƙasa su ne shekarar, alal misali 43 na nufin 1943. Ƙananan hatimai masu siffar gaggafa da lamba na masu duba ingancin aiki ne.

Bindigar Rasha shekararta a fili take a kan bututu. A ƙirar zamanin Tarayyar Sobiyet ta shekarun 1930 da na yaƙi, tauraro mai kibiya a ciki alamar masana'antar Tula ce, kibiya a cikin kusurwa uku kuwa ta Izhevsk ce.

Italiya da Japan suna koya mana cewa ba kowace ƙasa ke ƙirga shekara irin namu ba. A Carcano ta zamanin Mussolini ana ganin shekara biyu, alal misali 1940 da XVIII, watau shekara ta 18 da hawansa mulki a 1922. Arisaka ƙira ta 38 ta sami sunanta ne domin ta fito a shekara ta 38 ta sarautar Sarki Meiji, watau 1905. Ƙira ta 99 kuwa ta fito a 1939, wadda a tsohuwar kalandar sarautar Japan ita ce 2599. A saman kowace Arisaka ta soja an buga hoton wani fure mai ganye 16, hatimin Sarkin Japan, wanda ke nuna cewa bindigar tasa ce. Da Japan ta miƙa wuya a 1945, an goge furen a kan yawancin bindigogin da aka sallama, domin kada hatimin sarki ya shiga hannun abokan gaba. Shi ya sa masu tarawa suke daraja wadda furenta yake nan. Sau da yawa irin wannan a fagen fama aka tsince ta, ko da yake furen kaɗai bai isa shaida ba.

Bindigar da ta yi wa iyayengiji da yawa aiki

Kada a tsaya a hatimi na farko, gama bindiga tana iya daɗewa fiye da gwamnatin da ta ƙera ta. In an ga FTR a Lee-Enfield, an mayar da ita masana'anta an yi mata gyaran gaba ɗaya, galibi da shekarar gyaran a kusa. DP na nufin ta fareti ce kawai, an yanke mata hukuncin ba ta da lafiyar harbi. SA a cikin ɗan akwati a kan Mosin-Nagant na nufin ta shiga hannun sojan Finlan. X a kan K98k na nuna cewa Rashawa sun kama ta sun gyara sun ajiye. Isra'ila ma a farkon kafuwarta a 1948 ta sayi Mauser da yawa daga Cekosulobakiya, daga baya ta sake musu bututu ta buga musu 7.62. Ta haka aka sami bindigogin da aka ƙera wa sojan Hitila suna tsaron ƙasar Yahudawa. Ingila ta fara ajiye Lee-Enfield a 1957, amma masu sintiri a arewacin Kanada, inda ƙanƙara ke hana waɗansu bindigogi aiki, sun riƙe No. 4 har wajen 2018.

Sai kuma lambar bindiga. Kowace tana da lambarta, ana kuma buga ta a sassa da dama, kamar jiki, da bututu, da hannun sakata. In lambobin duka sun zo ɗaya, bindigar tana nan da sassan da aka haɗa ta da su. In sun bambanta, ba lalle ba ne a ce an yi zamba, gama masu gyaran makamai na soja sukan cire na wannan su sa wa waccan. Amma a kasuwar masu tarawa mai lamba ɗaya ta fi tsada, inda kuɗi ya shiga kuwa 'yan damfara ba sa nisa. Akwai masu goge lamba su buga sabuwa, akwai masu ƙara hatimin da babu shi tun asali.

Akwai ma jabu ɗungum. A yankin Khyber, kan iyakar Pakistan da Afganistan, maƙera sun daɗe suna kwaikwayon bindigogin Ingila da hannu, har da hatimansu. Amma da yake suna kwafar haruffan ne ba tare da sanin ma'anarsu ba, sukan juya harafin N baya, ko su buga VR tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a watan Janairu na shekarar Sarauniya Victoria ta rasu. Ɗalibin da ya riƙe darasin Tarihi zai kama wannan ƙarya cikin minti ɗaya. Ka'idar masu tarawa ke nan: siffa, da hatimi, da shekara, da lamba, dole su yarda da juna. In ɗaya ta saɓa, sai a nemi dalili. Labarin mai sayarwa kuwa, komai daɗinsa, ba a karɓarsa sai da takarda.

Masu tarawa da doka

Bayan 1945 gwamnatoci sun sami kansu da miliyoyin bindigogin da ba su bukata, sai aka riƙa sayar da su da araha, musamman a Amurka. Mutane da yawa sun saya sun yanke katakon sun mai da su na farauta. Yau masu tarawa suna baƙin cikin wannan, gama abin da aka yanke ba ya komawa. Sun kuma koyi cewa ba a goge tsohon ƙarfe da yashi don ya yi ƙyalli, ba a shafa wa katakon sabon fenti. Ɗan mai kaɗan da wuri marar laima sun isa. Tabon da ke jikin ƙota da hatimin da ya dushe su ne shaidar, mai gogewa shaida yake ɓatawa.

Kowace ƙasa da dokarta. A Amurka tun 1968 dole mai shigo da bindiga daga waje ya buga mata sunansa, wannan ma ya zama wani hatimin da ake karantawa. A Ingila mai son ajiye wadda ke harbi sai da lasisi daga 'yan sanda, da yawa kuma sukan sayi waɗanda aka kashe, watau aka toshe bututun aka lalata sakatar, da takardar shaida.

A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja cikin jerin makaman da aka haramta, ta ambaci masu harsashin inci .303 da na milimita 7.62 da sunansu. Ba mai ikon ba da izinin riƙe irinsu sai Shugaban Ƙasa. Tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga wannan doka, gado ma ba hujja ba ne. Mun kuma ga abin da yawan makamai a hannun jama'a ya jawo wa garuruwanmu da ƙauyukanmu, ba sai na tsaya bayani ba.

Saboda haka ina jan kunnen ɗalibai. In kun ci karo da tsohuwar bindiga, ko harsashi, ko wani ƙarfe mai kama da bom a gona ko a kango, kada ku taɓa, kada ku buga shi da dutse, kada ku jefa shi a wuta. Tsohon harsashi yana iya tashi bayan shekara 70. Ku faɗa wa babba, shi kuma ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda. Wurin da ya dace da irin waɗannan kaya shi ne gidan tarihi, kamar Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, inda aka ajiye makaman Yaƙin Basasa da na kafinsa, a ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Abin da mu za mu iya tarawa

To, in doka ta hana mu tara ƙarfen, me ya rage mana? Abin da ya fi ƙarfen daraja ne ya rage. Mai tara bindigogi a Amurka yana iya gaya maka masana'anta da shekara, amma da wuya ya san wanda ya saɓa ta a kafaɗa. Mu kuwa mutanen nan kakanninmu ne. A gidaje da yawa na ƙasar nan akwai hoto irin na kakana a ƙasan akwati, ko lambar yabo, ko littafin sallama daga soja, gara da laima suna cin su kaɗan kaɗan. Mazan jiyan da suka je Boma da Habasha kusan duk sun tafi, waɗanda suka yi Yaƙin Basasa ma sun tsufa.

Ga aikin da nake ba ku a wannan hutu, musamman 'yan Ƙungiyar Tarihi. Ku tambayi iyayenku ko akwai wanda ya yi soja ko ɗan sanda a gidanku. In akwai hoto, ku nemi izini ku ɗauki hotonsa, ku mayar da na asali inda yake. Ku duba bakin bindigar, da abin saiti, da gidan harsashi, da banati, ku zana su a littafinku, ku rubuta irin da kuke tsammani da dalilinku. In tsohon yana da rai, ku gaishe shi da ladabi, ku ce, “Baba, a gaya mana yadda aka yi.” Ku rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, da ranar da kuka yi hirar. In ya ƙi magana a kan wani abu, ku ƙyale shi, gama ba kowane abin da ido ya gani a yaƙi baki ke iya faɗa ba. Ku raba abin da kuka gani da idonku da abin da aka ba ku labari, kowanne a shafinsa.

In muka dawo sai mu haɗa abin da muka samo a ajiye a laburaren makaranta, mu kuma nuna wa iyaye a makon Ranar Tunawa da Mazan Jiya, 15 ga Janairu. Ni zan kawo hoton kakana, da sunan bindigarsa na gaskiya a rubuce a ƙasa. Allah ya ba mu hutu lafiya, ya kuma ba ƙasarmu salama.